Igiyar Badaru a Hanyar Jidda

Badaru mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda in yana gaisawa da kai idonsa na kan tayoyin motarka. Daga hanyar filin jirgin Madina har Bi'ir Ali babu direban da bai san shi ba. Larabawa na ce masa Abu Habal, Hausawan unguwa kuma Badaru mai igiya. Jan mota ne sana'arsa. In motar alhazai ta mutu a rana, ko tasi ta tafasa a bakin hanya, shi ake aikawa a kira, ya zo da farar wanet ɗinsa, wato ƙaramar akori-kura, da igiya mai kaurin damtse a naɗe a bayanta.

A Gadarif ta ƙasar Sudan aka haife shi. Mahaifinsa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noman riɗi don ya haɗa guzuri, shekara ta bi shekara, har aka binne shi a can. Badaru na da shekara ashirin da biyu ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda, ya yi hajjin, ya zo ziyara Madina, bai koma ba. Dako ya fara yi a ƙofar filin jirgi. Wata rana akwati ya faɗo masa a ƙafa, ya ja tsaki ya zagi akwatin da Hausa. Sai wani dogon mutum da ke tuƙa motar kayan fasinja ya leƙo ta taga ya ce, "Kai ɗan wane gari ne, da kake zagin abin da ba zai rama ba?"

Wannan dogon mutum shi ne Sharfuddeen. A Madina aka haife shi, kakansa ne ya zo daga Katsina, kuma takardar ɗan ƙasa yake riƙe da ita. Hausarsa ta cikin gida ce, rabi da rabi da Larabci. Shi ya tsaya wa Badaru ya sami iƙama, wato takardar izinin zama. Shi ya koya masa tuƙi a wani fili bayan gonakin dabino, yana dukan cinyarsa duk lokacin da ya saki kulochi da gaggawa. Shi kuma ya je ya nema masa auren Zenabu. Badaru na kiransa Ammi, wato baffana da Larabci. In tsohon ya zauna a kujera, shi a tabarma yake zama. Shekara goma sha huɗu suna tare, kalmar a'a ba ta taɓa fita daga bakinsa zuwa kunnen Sharfuddeen ba. In abu bai yi masa ba, sai ya ce "to", ya sunkuyar da kai, ya bar lokaci ya yi aikinsa. Haka aka tarbiyyantar da shi, kuma a unguwar ana yaba masa da hakan.

Jan mota da igiya aiki ne na mutum biyu, kuma nauyin ya fi yawa a kan wanda ke baya. Shi zai riƙe sitiyarin motar da ta mutu, shi zai fara taka birki kafin na gaba ya taka, don kada igiya ta saki. Tun da babu inji, sau da yawa babu hon kuma, da hannu ake magana. Badaru kan fito da hannunsa na hagu ta taga: in ya kaɗa tafin ƙasa, a rage gudu, in ya dunƙule, a tsaya. Fitilar birki ba ya dogara da ita, don ranar Madina na cinye haskenta. Kafin ya ɗaura igiya sai ya tsayar da direban baya ya nuna masa alamun sau biyu, ko da mutumin na fushi yana cewa ya sani.

A tsakar gidan Sharfuddeen akwai wata ƙaramar mota koriya, mai kujera biyu da rufin tamfol, hancinta dogo ne kuma yana kusan taɓa ƙasa. Ƙirar Ingila ce ta shekarun hamsin. Ya saye ta a Jidda daga wani injiniya da ya gama aikinsa zai koma gida, kuma a zamaninsa duk wanda ya ji ƙararta a hanyar filin jirgi ya san wa ke tafe. Shekara shida ke nan injinta ya ƙi tashi. Makanikan Madina uku sun buɗe ta sun rufe. Duk da haka kowace Juma'a bayan la'asar tsohon zai yaye mata mayafi, ya goge ta da tsumma tun daga fitila har lamba.

A watan Zulƙida na shekarar 1982 ɗansa Abdussamad ya bugo waya daga Jidda, ya ce ya samo wani dattijon makaniki da ya san irin waɗannan motoci, a kawo ta. Washegari Sharfuddeen ya aika aka kira Badaru.

"Ranar Asabar za mu kai ta," ya ce, yana zuba shayi. Rabin shayin a kan faranti ya zuba, bai lura ba. "Kai a gaba da igiyarka, ni a baya."

Badaru ya dubi farantin. Tun bara ya san abin da ke faruwa. Yanar ido ce ta kama Ammi, abin da mutanen Madina ke kira farin ruwa. Tsohon na gane mutum da murya, yana lalubar takalminsa a ƙofar masallaci da ƙafa. Babu wanda ya faɗa masa, shi ma bai faɗa wa kowa ba.

"Ammi, hanyar ta fi kilomita ɗari huɗu," ya ce a hankali. "Tayoyin nan sun tsattsage. Kuma in ana jan ta da nisa haka injin ba ya aiki, giya na iya cin kanta. Audi na da satha, a ɗora ta a sama, ko ƙura ba za ta taka ba."

Satha ita ce babbar mota mai shimfiɗaɗɗen baya da ake ɗora wata motar a kai. A lokacin irinta ba su yi yawa a Madina ba, kuma Audi, wani Bahaushen Chadi mai yawan surutu, na cikin waɗanda suka fara tuƙa ta.

"Giya?" in ji Sharfuddeen. "Ka kwance farfela, halas, giya ta huta. Ni na koya maka wannan ko kai ka koya min? Tayoyi kuwa na sayi huɗu, suna ɗaki. Da ƙafarta ta shigo Madina, ya waladi. Ba za a fitar da ita a ɗauke kamar gawa a makara ba, mutane na kallo."

Duk hujjar da Badaru ya zo da ita an rufe ta. Guda ɗaya ta rage, wadda ita ce ta gaskiya. Ya ɗauki ƙoƙon shayinsa ya ce, "To, Ammi."

Zai fita ke nan ya ji ana kiransa daga bayan labulen soro. Raliya ce, 'yar autar tsohon, wadda ke koyarwa a makarantar 'yan mata. Ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarta.

"Yaya Badaru, na ji abin da kuka yi. Ka san ba ya gani."

"Na sani."

"To don me ka ce to?"

"Ke da kike 'yarsa, kin faɗa masa?"

Ta ce da Larabci, sannan ta maimaita da Hausa, kamar tana tsoron bai ji ba: "Ba zan iya ba. Kai namiji ne, kai direba ne, zai ji taka. Don Allah kada ka bari ya hau."

Ita ma ya ce mata to.

Kwana uku yana juya abin. Zenabu ta ga yana barin abinci ta tambaye shi, ya ce zafi ne. A ƙarshe ya tsara dabarar da ta yi masa kama da hikima. Ba zai buɗe baki ya kunyata mutumin da ya ɗauke shi daga dako ba. Zai ɗaura igiya, ya ja a hankali kamar tafiyar jaki, daga gida zuwa Bi'ir Ali, tafiyar da ba ta kai kilomita goma ba. Kafin su kai, Ammi zai ji a jikinsa cewa abin ya fi ƙarfinsa, zai nemi wani uzuri da kansa, ciwon baya ko zafin rana, kowa ya rabu da mutuncinsa. Ya sami Audi ya ce ya jira su da satha a Bi'ir Ali, bayan masu sayar da ihrami.

"Wato hanya ce za ta faɗa masa, kai bakinka na azumi," in ji Audi. "Ku mutanen Sudan, kunyarku har ta fi ta amarya. Ni da ni ne, in ce Baba, idonka ya tafi hutu, hau nan kusa da ni mu sha iska."

"Shi ya sa ba ka da mai kiranka ɗa a garin nan," in ji Badaru.

Ranar Asabar ya zo tun da safe. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwance farfela, sandar da ke haɗa giya da tayoyin baya, ya canja tayoyi, ya duba man birki ya taka ya ji yana kamawa. Aikin ya ci lokaci fiye da yadda ya so, sai da hantsi ya ɗaga sosai suka tura ta waje. Sharfuddeen ya fito cikin farar jallabiya da aka goge, ya sa baƙin tabarau, ya zauna a bayan sitiyari ya gyara madubi. Maƙwabta sun fito ƙofa. Wani ya ce masha Allah, kamar jiya. Badaru ya tsaya a gefensa zai nuna alamun hannu yadda ya saba, sai tsohon ya kore shi.

"Tafi can. Ni za ka nuna wa?"

Karo na farko ke nan da ya ɗaura igiya bai nuna ba.

Suka fita lafiya. A cikin gari Ammi ya ba shi mamaki. Yana bin farin jikin wanet ɗin kamar inuwa, yana jin igiya a sitiyari, in ta fara sakewa ya ɗan taɓa birki. Ya san kowace kwana ta unguwar da ka. Badaru na kallonsa a madubi, ya ga yana murmushi, iska na kaɗa masa gefen rawani, har wani sashe na zuciyarsa ya fara cewa wataƙila duk sun yi wa tsohon mugun zato.

Bi'ir Ali a Zulƙida ba ta da masaka tsinke. Nan ne mahajjatan da suka gama ziyara ke ɗaura ihrami kafin su nufi Makka. Manyan motoci sun jeru a gefe biyu, mutane na sauka suna hawa, suna tsallaka titi rukuni-rukuni cikin fararen mayafai, ba sa duban hagu ko dama, bakinsu na kan talbiyya. Rana ta hau tsakiya, kwalta na walƙiya, komai ya zama fari. A ɗan gangaren da ke gaban masallacin wani ayari ya shigo titi, tsofaffi ne yawancinsu, suna riƙe da hannun juna.

Badaru ya fito da hannu ya kaɗa tafin ƙasa. Igiya ba ta ja shi baya ba. Ya sake kaɗawa. Ya dunƙule hannu ya ɗaga sama har kafaɗarsa ta fito ta taga. A madubi ya ga koriyar motar na matsowa, igiya ta kwanta a ƙasa, fuskar Ammi na kallon gaba cikin natsuwa. Gefen dama babbar mota ce, gefen hagu mutane. In ya kauce, ƙaramar motar za ta wuce shi ta shiga cikinsu. Ya riƙe sitiyari ya taka birki har ƙasa, ya jira.

Ƙarar ba ta yi yawa ba. Kamar an yar da tire ne cike da kofuna. Hancin motar ya shige ƙarƙashin bayan wanet, fitilu biyu suka tarwatse, murfin inji ya lanƙwashe. Mahajjatan suka waiwaya, wasu suka tsaya, mai jagorantarsu ya kaɗa tuta suka wuce.

Badaru ya sauko ya sami Ammi a zaune, hannu biyu a kan sitiyari, tabarau ya faɗi a cinya, leɓensa na ƙasa na jini. Babu karaya. Badaru ya ciro hankici ya miƙa masa, tsohon bai karɓa ba sai da ya sa masa a tafi.

"Ba ka ba ni hannu ba," in ji Sharfuddeen. "Shekara nawa ina faɗa maka, hannu kafin birki. Ka tsaya min haka kawai kamar sabon direba."

Mutane sun fara taruwa. Audi ya iso da gudu ya tsaya a gefe. Badaru ya ga ƙofar da aka buɗe masa. In ya ce laifinsa ne, Ammi zai yi faɗa, ya huce, ya yafe. Sannan zai ce a ɗaure murfin da waya a ci gaba, don birki na nan, tayoyi na nan. Gaba kuma akwai gangaren duwatsu kafin Badar, da manyan motocin da ke tahowa daga Yanbu.

Ya durƙusa a gefen ƙofar, ya sauke murya yadda babu mai ji sai su biyu.

"Na ba ka hannu, Ammi. Sau uku. Mutane sun fi ashirin a gabanmu da fararen kaya. Ba ka gan su ba, ba ka ga hannuna ba. Idonka ba ya gani. Ba zan ƙara jan ka ko taku ɗaya ba."

Sharfuddeen ya danna hankicin a leɓe, ya cire, ya kai shi kusa da fuskarsa kamar zai duba jinin, ya sauke.

"Akwai wanda na taɓa?"

"Babu. Ni ka taɓa."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bara."

"Raliya fa?"

"Ta sani. Abdussamad ma. Liman ma ya sani, shi ya sa ake ajiye maka takalmi a wuri ɗaya."

"Duk kun sani," tsohon ya ce. "Kuka tsaya a ƙofa kuna masha Allah. Kai kuma ka ɗaura min igiya da hannunka, ka kawo ni cikin baƙin Allah. Da na kashe mutum da ihrami a jikinsa, me za ka ce? To, Ammi?"

Badaru ya zaci zafin zai zo ne daga abin da ya faɗa. Bai shirya wa wannan ba. Ya buɗe baki zai ce kunya ce, ya ji kalmar ta yi masa ƙanƙanta, ya rufe.

Aka kwance igiya. Audi ya matso da satha, ya sauke bayanta, suka ja motar sama da sarƙa, suka ɗaure tayoyin huɗu. Don ya sassauta abin, Audi ya ce, "Baba, in kana so ka zauna a cikinta a can sama, ka riƙe sitiyarinka har Jidda, babu mai hana ka."

"Ni ba yaro ba ne da za a ɗora a lilo," in ji Sharfuddeen. "Buɗe min gaba."

Badaru ya bar wanet ɗinsa wurin wani mai shago da ya sani, ya roƙi mutumin ya buga wa Raliya waya ya ce kowa lafiya. Ya karɓi tuƙin satha, Audi ya zauna a bakin taga, tsohon a tsakiya. Suka bi tsohuwar hanya. Har suka wuce duwatsu suka sauka Badar, Ammi bai yi magana ba. Sun yi sallah a can, sun ci shinkafa da kifi a wata rumfa, bai ce ta yi daɗi ba, bai ce ba ta yi ba. Badaru kan tsaya lokaci-lokaci ya zagaya ya ƙara ɗaure sarƙa, ko da ba ta saki ba, don kawai ya fita daga cikin shirun.

Bayan Mastura, inda hanya ke miƙewa kusa da teku, Audi ya yi barci da baki a buɗe. Sharfuddeen ya gyara zama.

"Me ke gabanmu?"

"Hanya ce, Ammi."

"Na san hanya ce. Na ce me ke kanta. Faɗa min yadda yake, kada ka gyara min."

Badaru ya dubi gaba. Ya ce akwai tankar ruwa a gaba, tana tafiya a tsakiyar titi. Ya ce a dama raƙuma biyar ne, ɗaya na ɗingishi. Ya ce rana ta kusa taɓa ruwa.

"Motar fa? Yaya hancinta?"

"Ya lalace. Fitilun sun tafi duka biyu. Murfin ko an buga ba zai koma kamar da ba."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Tayyib. Ci gaba."

Haka suka yi har fitilun Jidda suka bayyana, ɗaya na faɗa, ɗaya na ji. A ƙofar gidan Abdussamad, kafin a gama gaisuwa, Sharfuddeen ya ce wa ɗansa makaniki ya jira, gobe likitan ido za a fara kai shi.

An yi masa aiki a ido ɗaya bayan hajji, ya dawo yana ganin fuskar mutum in ya matso. Tuƙi kam bai sake yi ba. Motar ta yi wata bakwai a Jidda, ta tashi, Abdussamad ya riƙe ta a can. Badaru ya ci gaba da jan motoci a cikin gari da igiyarsa, amma duk abin da zai wuce Bi'ir Ali sai ya tura wa Audi. Shekara huɗu Sharfuddeen ya ƙara a duniya. A cikinsu, in likita ya rubuta takarda, ko 'ya'yansa suka ce masa jikin da sauƙi, sai ya sa a kira Badaru, ya sallami kowa daga ɗakin, ya tambaye shi abin da likitan ya ce.